Neman kalma: me za mu kira "chargé d'affaires" da Hausa?

Malam Habu: Salamu alaikum. Kalmar nan ta Faransanci tana yawan faɗowa a labaran ƙananan ƙasashe, kuma kowa da yadda yake juya ta: ƙaramin jakada, mataimakin jakada, wani ma jakada kawai. Ƙasa irin Gambiya ba ta da kuɗin ajiye cikakken jakada a kowane babban birni. Sashe na 5 na Yarjejeniyar Viyena ta 1961 kan hulɗar jakadanci ya ba ta damar tura mutum ɗaya ya wakilce ta a ƙasashe da yawa, muddin babu wadda ta ce ba ta yarda ba, sannan ta ajiye "chargé d'affaires" ya riƙe ofis a inda jakadan ba ya zaune. Wane suna ya dace da shi?

Hajiya Binta: Wa alaikumus salam. Malam, mu fara cire "ƙaramin jakada". Wannan suna tuni ya zauna kan jami'in da ke kula da biza, fasfo da 'yan ƙasa da suka shiga matsala, irin wanda ke ofishin Najeriya na Jidda. Shi dokarsa ma daban ce, Yarjejeniyar Viyena ta 1963. "Mataimakin jakada" kuma kujera ce da ke nan ko jakada na gari ko ba ya nan. Gaskiya ne galibi shi ake bar wa ofis, amma ba dole ba ne. A ofishin da jami'ai biyu ne kacal, sakatare na biyu ma yana iya riƙewa.

Malam Isufu: Mu a Nijar kalmar ba baƙuwa ba ce, sai dai ku lura abu biyu ne a cikinta. Na farko mai riƙo ne na ɗan lokaci, wanda Sashe na 19 na Yarjejeniyar 1961 ya yi magana a kai. Jakada ya tafi hutu, ko ba shi da lafiya, ko an kira shi gida, sai a aika takarda zuwa ma'aikatar harkokin wajen ƙasar da ake zaune, a ce wane ne ke riƙe da ofis. Jakadan ne ke sanarwa. In bai samu hali ba, ma'aikatarsa ta gida ta yi. Ba a neman amincewa tun da farko, ba kuma ya kai takardar kama aiki fadar shugaban ƙasa. A wurin taro bayan dukkan jakadu yake zama, ko da ya shekara uku a kujerar.

Na biyu ba riƙo yake ba, ofishin nasa ne. Shi ne aji na uku cikin shugabannin ofisoshin jakadanci a Sashe na 14. Ana neman a amince da shi kafin ya zo, amma takardarsa daga minista take zuwa ga minista, ba daga shugaba zuwa shugaba ba.

Malam Habu: To na farkon ai mun samu: muƙaddashin jakada. Ko mai riƙon ƙwarya?

Hajiya Binta: Muƙaddashi ya fi. Riƙon ƙwarya ya fi kama da gwamnati ko shugabancin jam'iyya, kuma yana sa a zaci an kusa naɗa mutumin. Da Najeriya ta kira jakadunta gida a Satumbar 2023, muƙaddasai ne suka ci gaba da riƙe ofisoshi da yawa, ba don ana shirin ba su kujerar ba.

Malam Isufu: Na biyun fa? Wasu sun ce wakilin dindindin.

Hajiya Binta: A'a, Malam Isufu, wannan na masu zama a Majalisar Ɗinkin Duniya ne, a nan za a rikita mai sauraro. Ni dai na fi son "jagoran ofishin jakadanci". Kuma kada a kuskura a taƙaita shi zuwa jakada. Idan ƙasa ta ji haushin wata, takan janye jakada ta bar hulɗa a wannan mataki. Mai fassara ya rubuta "jakada", ya binne labarin gaba ɗaya.

Malam Habu: Saura shi mai wakiltar ƙasashe da yawa. Akwai wanda ke zaune a Abuja yana leƙa maƙwabta, akwai kuma tsarin Singafo, inda jakadan ke zaune a gida, sau da yawa ɗan kasuwa ne, yana zuwa ƙasar lokaci-lokaci. "Jakadan nesa" ya ɗauke su duka biyun?

Malam Isufu: Ya ɗauka, kuma gajere ne, ya yi wa kanun labari daidai. A dai tuna kowace ƙasa sai ya je ya miƙa takardarsa daban, kuma daga ranar ake lissafa matsayinsa a jerin jakadun can.

Malam Habu: Shi ke nan, na shigar da uku a kundin kalmomi: muƙaddashin jakada, jagoran ofishin jakadanci, jakadan nesa. Mace kuma muƙaddashiyar jakada, ko jakadiyar nesa.