Kyamarar auna zafin jiki ta rikice mana, ku taimaka

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ke kula da kyamarar auna zafin jiki a ƙofar wani ƙaramin asibiti. Na saita ta yi ƙara a digiri 38. Da sassafe cikin hunturun nan kowa 34 ko 35 take nunawa. Jiya ma yaro goye a bayan uwarsa, jikinsa kamar garwashi, ta bar shi ya wuce shiru. Abin ya tsaya min a rai. Da azahar kuwa duk wanda ya tako cikin rana sai ta hau ƙara, a sa masa ma'aunin hammata a ga lafiya lau.

Na mayar da ita inuwa, ina sa a cire tabarau ta kalli lungun ido, ba ta canza zani ba. Minti nawa mutum zai zauna a ciki kafin a auna shi? Ko dole sai mun sayi ɗan akwatin nan mai tsayayyen zafi da ake daidaita ta da shi?