Wace kalma za mu ba "trocken" da Hausa?

Jama'a masu fassara ku matso, akwai kalmar da take ta ba mu wahala. In ka ɗauki kwalbar Riesling, wato farin ruwan inabin nan na Jamus da ake nomawa a gangaren kogin Mosel da yankunan Rheingau da Pfalz, za ka ga an rubuta trocken a jiki. Ma'anarta ta asali busasshe, kuma haka wasu suke fassara ta kai tsaye, "busasshen ruwan inabi", to don Allah wane Bahaushe ne zai ji wannan ya gane? Ruwa ne fa a kwalba. Mai karatu sai ya zaci zabibi ake nufi.

Kafin wani ya ce me ya haɗa mu da giya, ni ba talla nake mata ba, Musulmi ya san hukuncinta. Amma yaranmu suna zuwa Jamus koyon aikin otal da girki, ana fassara shirye-shiryen abinci, kuma wanda ba ya sha ma yana da haƙƙin ya san abin da ke rubuce a gabansa da harshensa.

Abin da Bajamushe yake nufi shi ne yis ya cinye kusan duk sukarin inabin lokacin da ake tsima shi. Kuma doka ce ba ra'ayi ba, trocken ba ya wuce giram 9 na sukari a lita ɗaya, shi ma sai in tsamin ya kusa kamo sukarin, halbtrocken yana iya kaiwa giram 18, lieblich har 45, abin da ya haura haka shi ne süß.

Wani malami ya kawo "mai bauri". Malam Allah ya ƙara ilimi amma ban yarda ba. Bauri shi ne abin nan da yake kama harshe ya ɗaure baki, kuma a jan ruwan inabi ake samunsa saboda ana tsima shi da ɓawonsa. A bar masa bauri, can ne gidansa. Riesling tsami ne ƙarfinsa, masu ɗanɗano suna cewa yana ƙamshin lemun tsami da ɗanyen tuffa, in ya tsufa har wani ƙamshi-ƙamshin fetur yake yi kuma masoyansa ba sa ɗaukar hakan aibi.

Wata 'yar'uwa kuma ta ce to a ce "mai tsami". Yaya kin kusa, sai dai duk Riesling mai tsami ne, har wanda ya fi kowanne zaƙi irin Eiswein da ake tsinkar inabinsa a daskare cikin tsananin hunturu. Kamar kunun tsamiya ne, ki zuba sukari son ranki tsamin yana nan, shi ne ma yake hana zaƙin gundurar mutum. "Salam" da "lami" kuwa kada ma a fara, waɗannan zagin abinci ne.

Ni inda na tsaya: trocken a ce marar zaƙi, halbtrocken mai zaƙi-zaƙi, lieblich mai zaƙi, süß zazzaƙa. Ku dubi na biyun nan da kyau, Bajamushe sai da ya haɗa "rabi" da "busasshe" kafin ya faɗa, mu kuwa maimaita kalma kawai ya gama aikin, yadda muke cewa ja-ja ko ɗaci-ɗaci kowa ya san kaɗan ake nufi.

Kuma gwada su a jimla ku ji ko sun zauna. Marar zaƙi ana haɗa shi da kifin kogi, da kaza, da kabejin nan nasu mai tsami sauerkraut, don tsamin yana yanke maiƙo. Mai zaƙi-zaƙi shi ake kawowa da abinci mai yaji irin na Tailan da Indiya, saboda ɗan sukarin yana kwantar da zafin barkono, ga shi na Mosel sau da yawa barasarsa ba ta da yawa, ita kuwa barasa mai ƙarfi ƙara rura yaji take yi. Zazzaƙan kuma sai ƙarshen cin abinci, da cuku mai gishiri ko kayan marmari.

Saura feinherb, wadda dokar Jamus ba ta yanke mata adadin sukari ba, kowane mai gona yana sa ta yadda ya ga dama a kusa da halbtrocken. 'Yan'uwa na Damagaram da Maraɗi, ku da kuke fama da sec da demi-sec na Faransanci, wato trocken da halbtrocken ɗinsu, me kuke ce musu a can?