Lambunan cikin gari: me kuka gani da idonku?

Mai buɗe zance, Kano: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ana ta cewa birni ya ciyar da kansa, amma duk taswirar sabuwar unguwa da na gani akwai wurin masallaci da makaranta da kasuwa, babu ko taku ɗaya da aka ware wa lambu. Manoma da 'yan kasuwa, me kuka gani a wajenku?

Mai lambu a bakin kogin Jakara, Kano: Wa alaikumus salam. Latas da alayyafo nake yi, gadon gidanmu ne. Ruwan da muke ba shuka kowa ya san daga kwatocin gari yake, ga na masana'antu da ke shigowa ta rafin Getsi. Wani lokaci sai ka ga ya rine, hannu na ƙaiƙayi. Mu ma ba sonsa muke ba. Masu cewa a kore mu su sani, korarmu ba za ta tsaftace shi ba; a tilasta wa masana'antu su tace ruwansu, a haƙa mana burtsatse. Abin da ya fi hana ni barci shi ne rashin takardar mallakar fili. Ranar da masu awo suka kafa turaku a gonar maƙwabcina, albasarsa ko kai ba ta fara yi ba.

Mai kayan gwari, 'Yankaba: Allah ya ba shi haƙuri, Malam. Ni asara ce ke damuna. Da rani tumatir na zuwa daga Kadawa da Kwanar Gafan, kwando bisa kwando, na ƙasa ya iso a matse yana tsiyaya. Kafin la'asar mu karya kuɗi ko mu zubar. Damina na kamawa kuma ya gagari talaka, balle a 2016 da tsutsa ta cinye gonaki. Kuɗin rasit da muke biya kullum, a yi mana ɗakin sanyi mai aiki da hasken rana da shi mana, a kawo kwandunan roba na haya.

Uwargida daga Yamai: Birninmu na cikin masu sa hannu a yarjejeniyar birane kan abinci da aka ƙulla a Milan ta Italiya a 2015. Mu dai lambunmu na bakin kogin Isa (Neja) ambaliyar 2020 ta tafi da shi, da rance muka sake dasawa. Dajin da aka fara dasawa kewayen gari a 1965 ma gine-gine na ta cinsa.

Wani dattijo daga Kumbotso: 'Ya'yana, muna yara jakai ke fito da taki daga cikin birni a mangala, su koma da itace da hatsi. Toka da kashin awaki ne, gona na karɓa. Bana na sayi mota guda ta shara, rabinta leda da fasassun kwalabe, sai da jikana ya yanke a ƙafa wajen baza ta. In hukuma ta sa a riƙa ware leda tun daga bola, mu za mu sayi sauran da kuɗinmu.