"Da yayyafi kogi kan cika" ko "tura ta kai bango": wacce ta dace da batun haddi a bincike?

Ɗalibar Tattali: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ina rubutu kan wani abu da masu bincike ke yawan cin karo da shi: sanadi ya yi ta ƙaruwa kaɗan-kaɗan ba a ga komai ba, sai ya kai wani haddi, lamarin ya juye gaba ɗaya. Ruwa a kan wuta yana nan ruwa har digiri 99, ya kai 100 sai ya tafasa. Ina so in buɗe da karin magana. Na ɗauko "da yayyafi kogi kan cika", amma wani abokin karatuna ya ce ba muhallinta ba ne, wai "tura ta kai bango" ce ta dace. Wacce zan ɗauka?

Tsohon Malami: Wa alaikumus salam, 'yata. Abokin naki bai yi nisa da gaskiya ba. Ta yayyafi ana yin ta ne don ƙarfafa gwiwar mai tari, kada ya raina kaɗan. Ɗigon farko da na dubu darajarsu ɗaya, babu wanda ya zo da juyi. "Tura ta kai bango" kuwa ana faɗinta ga wanda aka matsa wa har haƙurinsa ya ƙare ya juyo. Turar jiya da ta yau ƙarfinsu ɗaya ne, sai dai yau babu sauran wurin ja da baya.

Mai Gardama: Allah ya gafarta Malam, ni fa ban gamsu ba. Kogi idan ya cika me ke biyo baya? Ambaliya. Yayyafin jiya bai jiƙa gonar kowa ba, na yau ya kwashe gari. Haddin ke nan da take nema.

Tsohon Malami: Ɗana, ka taɓa jin an yi wannan karin maganar don a gargaɗi mutanen bakin kogi? Karin magana ana auna ta da wurin da masu harshe ke jefa ta. In ka miƙar da ita ta kai ambaliya, taka ce ka ƙirƙira.

Jami'ar Lafiya: Baba, ni damuwata da ta bango ita ce kullum ɓacin rai take nunawa, alhali wani haddin alheri ne. A farkon ƙarni na 20 Ronald Ross, wanda ya tabbatar da cewa sauro ke yaɗa zazzaɓin maleriya, ya nuna ta hanyar lissafi cewa ba sai an kashe sauron duniya ba. In aka rage yawansa ƙasa da wani adadi, cutar za ta mutu da kanta. Haka ƙyanda. Mai ɗauke da ita ɗaya kan iya sa wa mutum 12 zuwa 18 a inda babu mai kariya, shi ya sa ake neman rigakafi ya game kusan kashi 95 cikin 100. Ƙasa da haka, yaron da aka yi wa allura ya tsira, amma cutar tana samun hanyar yawo. In aka kai wannan haddin kuwa, cutar ce ta kai bango, mu kuma muke murna.

Ɗan Lissafi: Ƙanwata, tunda tattalin arziki kike karanta, kafin ki rubuta cewa tura ta kai bango ki fara tabbatar da akwai bangon. A 2010 malamai biyu, Carmen Reinhart ta Jami'ar Maryland da Kenneth Rogoff na Jami'ar Harvard, suka fitar da bincike kan bashin gwamnatoci. Suka kasa ƙasashe gida huɗu gwargwadon girman bashinsu in an gwada da abin da ƙasar ke samarwa a shekara: ƙasa da kashi 30, daga 30 zuwa 60, daga 60 zuwa 90, sai sama da 90. Suka ce a gidan ƙarshe matsakaicin haɓakar tattalin arziki yana faɗuwa har ƙasa da sifili, ragin kashi 0.1. 'Yan siyasa a Amurka da Turai suka rungumi wannan kashi 90 suna kare matakan tsuke bakin aljihu da shi.

A 2013 wani ɗalibi a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, Thomas Herndon, ya yi ta ƙoƙarin maimaita lissafin ya ƙi fita. Da ya karɓi ainihin takardar Excel ɗinsu, sai ga shi an tsallake ƙasashe biyar wajen fitar da matsakaici: Ostireliya, Ostiriya, Beljiyam, Kanada da Denmak. Akwai kuma wasu shekaru da ba a saka ba, da wata hanyar auna nauyin ƙasashe da ta ba shekara ɗaya ta wata ƙasa ƙarfin shekaru masu yawa na wata. Da shi da malamansa Michael Ash da Robert Pollin suka gyara, haɓakar ta koma kashi 2.2. Har yanzu masu bashi da yawa sun ɗan gaza sauran, amma a hankali abin ke sauka, babu rami a kan 90. Ga kuma tambayar da alƙaluman ba su warware ba: bashin ne ke rage haɓaka, ko rashin haɓakar ne ke tilasta cin bashi? Kin ga a wannan labarin ta yayyafi ce ta fi gaskiya, ta bango ce ta fi daɗin faɗa a majalisa.

Mai Gardama: To, Yaya, kada ka sa ta ɗauka duk haddi ƙarya ne. A gaɓar Newfoundland ta Kanada an yi ɗaruruwan shekaru ana kamun wani babban farin kifi. Da manyan jiragen kamun kifi suka shigo, yawansa ya rushe, har gwamnati ta haramta kamunsa a 1992, dubban masunta suka rasa sana'a. Aka zaci 'yan shekaru kaɗan zai farfaɗo. Sai a 2024 aka ɗage haramcin, shi ma da ƙaramin kaso. An daina turar amma abin bai koma inda yake ba, kuma wannan ɓangaren babu ɗaya cikin karin maganar biyu da ta ɗauke shi.

Jami'ar Lafiya: Akwai kuma layin da mutane ne suka ja shi don sauƙin aiki. Gubar dalma a jinin yara: hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka a da tana ɗaukar maki 10 a awon jini a matsayin layin damuwa, a 2012 ta mayar da shi 5, a 2021 ta sauke zuwa 3.5. Jikin yaro bai canza ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa take babu wani adadin dalma da aka san ba ya cutarwa. Wanda ya ga 3.4 ya ce bai kai bango ba ya yaudari kansa.

Tsohon Malami: Tunda kun kawo nan, bari in ba ta ta uku: "da ruwan ciki ake jan na rijiya". Wanda ba shi da ƙarfin jan guga, rijiya a gabansa take amma ba ta amfane shi ba. Ba ku da bincike a kan irin wannan?

Ɗan Lissafi: Akwai, ranka ya daɗe. A Bangaladash ƙungiyar BRAC ta ba matalautan mata kadara, yawanci shanu, masu bincike suka bi gidaje kusan 6,000 tsawon shekara 11. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna waɗanda kyautar ta haye da su wani matakin jari sun ci gaba da tarawa, waɗanda ta bari ƙasa da shi suka zame suka koma baya. Sai dai Aart Kraay da David McKenzie, a nazarinsu na 2014, sun ga irin wannan tarkon talauci bai yawaita ba kamar yadda ake zato. Karin maganar ta dace, amma kada a shimfiɗa ta kan kowane matalauci.

Ɗalibar Tattali: Na gode ƙwarai. Babina kan hauhawar farashi ne. Na karanta cewa Mohsin Khan da Abdelhak Senhadji na Asusun Ba da Lamuni na Duniya sun ce a 2001 haddin da hauhawar farashi ke fara rage haɓakar tattalin arziki a ƙasashe masu tasowa yana tsakanin kashi 11 da 12. In saka ta bango a kai?

Ɗan Lissafi: Dakata tukuna. Ɗauki alƙalumanki ki matsar da layin zuwa 8, sannan 15, ki ga ko tsallen yana nan a wuri ɗaya ko yana bin layinki duk inda kika kai shi. Ki cire ƙasashe biyu ko uku da farashinsu ya haukace ki sake gwadawa. Ki turo mana abin da ya fito.

Mai Gardama: In ya fito babu tsalle, Malam zai bar mini kogina.

Tsohon Malami: Kogin zan bar maka, ɗana. Ambaliyar ce ban yarda ba.