Na rufe Islamiyyarmu saboda mashaƙo, yanzu na rasa yadda zan buɗe

Mai neman shawara: Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana. Ina riƙe da wata Islamiyya ce a wajen Kurna, a Kano. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, shi ya fara ta a soron gidanmu da yara bakwai da tabarma ɗaya. Da ya rasu, yayyena maza suka ce a sayar da filin bayan gida a raba gado. Na roƙe su, na biya su kasonsu da kuɗin adashi da sarƙar aurena, na gina aji huɗu. Har gobe ɗayansu bai daina yi min gori ba, ko a gidan biki muka haɗu. Yanzu yara sun haura 200, safe da yamma, malamai shida.

Sama da sati biyu da suka wuce wata yarinya 'yar ajin hadda ta fara zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, wuyanta ya kumbura. A asibiti aka ce mashaƙo ne, kwana huɗu Allah ya karɓi abarsa. Ranar na sa kwaɗo a ƙofa. Yau kwana 13. Wasu iyaye na kirana wai yara sun koma yawon layi, wasu sun ce in na buɗe ba za su turo nasu ba. Malamai ba su ga ko sisi ba, don da kuɗin wata nake biyansu. Ga saukar yara 18 an riga an sa rana. Ba na iya barci. In buɗe ko in ƙara jira?

Alhaji Ɗan Kwari: Malama, Allah ya jiƙan yarinya. Ki buɗe ranar Asabar. Mun ga rufe makaranta a 2020, daga Maris har Oktoba, wata bakwai cur saboda korona. Me muka tsinta? Yaran da suka shigo kasuwa ɗaukar kaya a lokacin, da yawansu ba su sake riƙe littafi ba. Kwari a buɗe take, Sabon Gari a buɗe, yaran nan suna cunkushe a adaidaita sahu kullum, sai karatun Alƙur'ani ne za a tsayar? Ajali ba ya jiran makaranta.

Ma'aikaciyar jinya: Alhaji, da girmanka, wannan ba korona ba ce. Korona manya ta fi kayarwa, mashaƙo kuwa yara yake ɗauka, kuma tun ƙarshen 2022 Kano ce ta fi kowace jiha yawan masu shi. Ta tari da atishawa yake bi, har da moɗa ɗaya da yara ke sha a randa. Yakan bayyana cikin kwana 2 zuwa 5, wani ya kai 10. Amma lafiyayyen yaro zai iya ɗauke da ƙwayar a maƙogwaro yana rabawa, shi ya sa ake ba duk wanda ya zauna kusa da mai ciwon magani ko bai nuna komai ba. Malama, kin sanar da sashen lafiya na ƙaramar hukuma? An ba 'yan ajinta magani? Nawa ne a yaranki suka yi allurar Penta, mai kariya daga mashaƙo, da ake yi wa jarirai a sati 6 da 10 da 14?

Mai neman shawara: 'Yar uwa, ban kira kowa ba. Ki fahimce ni, in motar jami'ai ta tsaya a ƙofarmu, gobe a layi za a ce makarantar masu cuta. Sunan mahaifina ne a jikin allon. Amma na sa an wanke ko'ina da Dettol, an shanya tabarmi, na zubar da randar. Batun katin rigakafi kuma, ta yaya zan tare uba a ƙofa ina tambayarsa kati?

Maman Biyu: Ni dai masu makaranta kun isa. A kullen korona makarantar bokon yarana ta karɓi kuɗin zango cif, ba a yi karatu ba, ko kwabo ba a dawo da shi ba. Yanzu tun da aka cire tallafin mai kuɗin kai su da ɗauko su ya ninka. Ku kullum albashin malamai, mu iyaye wa ke tambayar yadda muke?

Alhaji Ɗan Kwari: Kin yi daidai da ba ki kira jami'an lafiya ba, Malama. Su zo su cika takarda su tafi, ke a bar ki da baƙin jini. Ki raba yara gida biyu, wasu Asabar da Lahadi, wasu Litinin da Talata, kowa da gorar ruwansa. Ni zan ba da takunkumi kwali biyu fi sabilillahi. Magana ta ƙare.

Baban Yara: Allurar nan dai ni ina da ja. Mu da muka ga abin da aka yi wa yara a 1996 lokacin sanƙarau, gwajin magani a garin nan, ba za a ce mu manta ba.

Ma'aikaciyar jinya: Baba, abin da ka faɗa ya faru, ba mai musu. Amma ka tuna 2003 da aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar nan, yara nawa suka shanye bayan nan? Ta mashaƙo tsohuwar allura ce, kyauta ake yi a asibitin sha-ka-tafi, akwai kuma ta yaran da suka girma. Malama, Dettol ba ya shiga maƙogwaron yaro. Ki bi ta wajen mai unguwa, shi ya gayyato su, a yi allurar a harabarki kafin ki buɗe. Duk wanda wuyansa ya kumbura ko aka ga farin abu ya shimfiɗu a maƙogwaronsa, a wuce da shi asibitin Murtala, kada a tsaya kemis.

Malamin Hadda: Ni malami ne a wata Islamiyyar. A korona wata bakwai ba albashi, sai da na sayar da kekena. Ba wanda ya leƙo mu. Malama, ko rabi ne ki nema ki ba su, da iyali suke.

Uwargida: Ni tambayata ɗaya. Kin je gidan su yarinyar kuwa bayan sadakar uku? Me uwarta ta ce game da buɗewar?

Mai neman shawara: Na je gaisuwa, amma ban iya ɗaga maganar ba. Mai unguwarmu kuma abokin yayana ne, wanda muke 'yar tsama da shi, in na je wajensa kafin magariba labari ya isa gida. Ba wai na ƙi allurar ba ne, nawa duk an yi musu. Saukar ce ba zan iya ɗagawa ba, an buga kati, wasu daga Wudil za su zo.

Alhaji Ɗan Kwari: To ki yi saukarki a fili, a kafa rumfa. Ki turo yaro shago ya karɓi takunkumin.

Ma'aikaciyar jinya: Malama, 'yan ajin yarinyar su nawa ne, kuma akwai su cikin masu saukar? Har yanzu ba ki faɗa min ba.