Auren Seretse da Ruth a fim: sarki ne ko ɗan sarki?

Ɗan Kallo: Jama'a, sai na faɗa ko da za a ji haushi. Kowa yabon fim ɗin A United Kingdom na 2016 yake yi, wanda Amma Asante ta ba da umarni, amma ni tufafin cikinsa sun tsaya min a rai. Labarin Seretse Khama ne, sarkin Bechuanaland, wato Botswana ta yau da ke ƙarƙashin Ingila a lokacin, da Ruth Williams, talakar Baturiya da ya aura a Landan a Satumbar 1948. A lokacin da katin rabo ake sayen sutura a Ingila, kuma ba a soke tsarin ba sai Maris 1949. To don me kayan suka fito fes a idona kamar yau aka karɓo su daga tela? An raina mana hankali. Mai ja ya fito.

Malamin Tarihi: Malam, gyara kalmar "sarki" tukuna. Seretse bai taɓa zama sarkin Bechuanaland ba. Magajin sarautar Bangwato ne, ɗaya daga manyan al'ummomin Tswana guda 8, mai hedikwata a Serowe. Mahaifinsa Sekgoma na Biyu ya rasu a 1925 yana da shekara 4, sai baffansa Tshekedi ya riƙe ƙasar. Ba a taɓa naɗa shi ba. A al'adar Tswana sai an yafa wa mutum fatar damisa a gaban jama'a, kamar rawani da alkyabba a wurinmu.

Jikan Dogarai: Allah ya gafarta Malam, wannan lissafin Turawa ne. A Yunin 1949 dubban mutane suka taru a kgotla, wato dandalin shawara na Serowe, suka miƙe tsaye suka zaɓe shi da matarsa. Wanda jama'arsa suka ce sarki ne, sarki ne. Bature ne ya hana naɗi.

Malamin Tarihi: Taro na uku ke nan. Biyu na farko a ƙarshen 1948 ba su amince da auren ba. Ko a nan, in masu zaɓen sarki sun tsayar da mutum, ba a busa masa algaita sai an naɗa. Ciroma za ka ce, ko yarima.

Jikan Dogarai: Ciroma sarauta ce da ake naɗawa, Malam. Da bakinka ka rusa hujjarka.

Hajiya Mai Ɗinki: 'Yan'uwa, tambayar tufafi aka yi. A 1941 kati 66 ake ba mutum a shekara, daga baya ma aka rage. Rigar ulu ta mace kati 11 ce, wandon namiji 8, taguwa 5. Saboda haka ma'aikaciyar ofis riga ɗaya take maimaitawa, ta sake mata wuya, ta juya bakin hannu. Salon da Dior, mai zanen tufafi na Faransa, ya fito da shi a 1947, mai buɗaɗɗen siket da kan ci yadi goma sha biyar ko fiye, ba na mai albashin akawu ba ne. Tsufar da kaya don fim kuma aiki ne mai tsari. A fara wanke rigar sau uku ko huɗu, taurin sabunta ya fita. A jiƙa ƙullin shayi goma a ruwan zafi lita biyar, a gwada a kan ƙyalle, don launin yakan koɗe idan ya bushe, sannan a tsoma rigar kamar minti ashirin. A goge wuya, gwiwar hannu da bakin aljihu da takardar goge katako mai laushi. A zuba duwatsu a aljihun kwat, a rataye da danshi ya kwana, aljihun ya saki.

Ɗan Kallo: Yauwa Hajiya! Abin da nake faɗa ke nan.

Hajiya Mai Ɗinki: Ban ce ka yi daidai ba, ƙanena. Seretse ɗan gidan sarauta ne da ya yi Oxford yana karatun lauya a Inner Temple, kwat mai kyau ta dace da shi. Kuma inda ake faɗuwa ba a tsabta ba ne. Yadin roba ba ya shan shayi, ga ƙyalli a ƙarƙashin fitila. Farin da ba a dusashe ba yana kashe fuskar ɗan wasa a hoto. Zane mai siraran layuka rawa yake yi a kamara. Rigar da za ta sha ƙura kuwa guda uku iri ɗaya ake ɗinkawa, kowace a tsufar da ita daidai da 'yar'uwarta, in ba haka ba tabo ya bayyana a wannan fage ya ɓace a na gaba.

Uwar Marayu: Ni kalmar "talaka" ce ta dame ni. Ruth akawu ce a kamfanin inshora na kasuwar Lloyd's, mahaifinta tsohon kyaftin ne na sojan Ingila a Indiya, ita kanta ta tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya lokacin yaƙi. Wannan talaka ce?

Jikan Dogarai: Hajiya, a fada duk wanda ba jinin sarauta ba talaka ne, ko da rumbunsa ya kai ɗari. Ƙorafin Tshekedi ma ke nan: matar sarki uwar ƙasa ce, da shawarar jama'a ake aurenta, shi kuwa yaro ya ɗaura aure a ofishin rajista ba da izini ba.

Uwar Marayu: Kullum ku 'yan fada mace kuke ɗora wa laifi. Mahaifinta ya kore ta daga gida, ta rasa aikinta, Bishop ɗin Landan ya hana a ɗaura a coci. Wa ya fi ta asara?

Jikan Dogarai: Wanda ya rasa gadon kakansa.

Malamin Tarihi: Ba Tshekedi ne ya kore shi daga ƙasarsa ba. Afirka ta Kudu ta haramta auren baƙi da farare a 1949, Ingila kuma na buƙatar zinarenta da yuraniyam. Binciken alƙali Harragin, wanda Ingila ta sa a yi, ya ce Seretse ya cancanta in ba don auren ba, aka ɓoye rahoton shekara 30. Gwamnatin Ingila ta Firayim Minista Attlee ta kore shi na shekara 5 a 1950, ta Churchill ta mai da korar ta dindindin a 1952. Ya koma a 1956 bayan ya ajiye neman sarauta. Wanda ya ajiye, ta yaya za a ce da shi sarki? Fim ɗin ma ya jawo zancen lu'ulu'u baya, alhali a 1967 aka gano na Orapa a Botswana.

Mai Kula da Zaure: To, mu tsaya nan. Abin da aka cimma shi ne Seretse ba sarki ba ne, ɗan sarki ne da ya zama shugaban Botswana na farko a 30 ga Satumba 1966, kamar yadda Malam ya tabbatar da shekaru. Masu cewa sarki son fada ne ya ɗebe su. Zancen "talaka" ba shi da muhimmanci. Batun tufafi kuwa ba a kawo hujja ba.

Hajiya Mai Ɗinki: Yallaɓai, an kawo. Kati 66, riga 11, wando 8. Koma sama ka karanta.

Jikan Dogarai: Ni ban janye ba. Mutanen Serowe sun ƙi zaɓen wani a madadinsa duk tsawon korar, kuma a 1979 ɗansa Ian suka naɗa.