Ƙololuwa, tozo ko tsini? A taimaka kafin Litinin

Malamar Kwamfuta: Salamu alaikum. Ranar Litinin zan koya wa ɗalibaina a nan Katsina yadda ake sa Python, wato harshen rubuta manhajar kwamfuta, ta ƙirga bugun zuciya daga zanen na'urar ECG, mai zana aikin zuciya a matsayin layi, kuma da Hausa nake son yin bayanin. Umarnin find_peaks na SciPy (tarin kayan lissafi na Python), wanda ya shigo a 2018, shi ke tsamo wuraren da layi ya haura ya sauko. Me zan kira wuraren nan? Da kuma rawar da layin ke yi in wayar ba ta manne da fata sosai ba?

Injiniya: Ƙololuwa mana, Malama. Ɗayar kuma hayaniya.

Malamar Kwamfuta: Ƙololuwa ai guda ce, wadda ta fi kowa. Ni kuwa a zanen minti ɗaya ina da wajen 70.

Ɗan Daura: Tozo! Garke guda, kowane sa da nasa. An gama.

Injiniya: Tozo a kwance yake. Bugun R, wato hawan da ya fi tsawo a zanen kowane bugun zuciya, siriri ne, caraf ya hau ya sauko. Tsini dai. Amma Malama, abin da zai ba ki wuya shi ne prominence. In ki ka ce wa kwamfuta ta ɗauki duk abin da ya wuce tsawo kaza, da mara lafiya ya ja numfashi layin gaba ɗaya zai ɗaga, sai ta ƙirga ƙarya, in ya sauka kuma ta tsallake na gaskiya. Shi kuwa wannan ma'auni yana duba yadda tsinin ya ɗara kwarin da ke gefensa ne, ba ruwansa da inda ƙasan layin yake. Ki haɗa da tazara tsakanin bugu da bugu: hanyar gano bugun zuciya ta masu bincike Pan da Tompkins ta 1985 ba ta karɓar wani bugu sai kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ya wuce.

Baba Malam: Kuna neman Hausa kuna zuba mana Turanci tsagwaronsa. Abin da ya ɗara na kusa da shi ai fice ya yi. Hayaniya kuma kunne ke jin ta, yaushe ido ya fara gani?

Injiniya: Allah ya gafarta Malam, fice ya zauna daram. Amma masu rediyon Hausa hayaniya za su ce.

Ɗan Daura: Su wa? Komai sai an jira Kano ta sa hannu? Daga Daura aka ce Hausar ta taso, tozo kuwa ko yaron goye ya san shi.

Baba Malam: Yaro, Daura ba ta aiko ka ba. Ni gurɓata zan ce.

Ɗan Daura: To Baba, in an goge layin da tacewar Savitzky da Golay ta 1964, mai rage wannan rawar, aka faɗaɗa tagar (yankin layin da take duba a lokaci guda) da yawa, tsinin naku ba ya dakushewa? Me ya koma?

Injiniya: Ya koma tozo, shi ya sa ake hana faɗaɗa ta.

Malamar Kwamfuta: Na gode ƙwarai. Na ɗauki tsini da fice da tazara. Hayaniya zan rubuta a allo, in ambaci gurɓata da baki.

Baba Malam: Ki yi yadda ki ka ga dama, 'yata. Ni dai ban sa hannu a kan hayaniya ba.

Ɗan Daura: Ki tambayi ɗaliban, za ki ji wanda za su riƙe.